Muhawara: mai wankin ƙoda da ciwon damuwa, zai iya taimakon kansa da kansa?

Sista Hauwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen wankin ƙoda na wani asibiti a nan cikin Kano. Aikinmu na kullum shi ne mu auna nauyin majinyaci da hawan jininsa, mu soka allurai biyu a jijiyar da aka haɗa masa a hannu ko mu jona bututun wuya, mu kunna na'ura, sannan mu sa ido har awa huɗu ta cika. Abin da babu mai aunawa shi ne halin da ransa yake ciki. Mutum yakan fara zuwa da fara'arsa, yana gaisawa da na kusa da shi, yana tsokanar mu, amma bayan 'yan watanni da an jona shi sai ya ja mayafi ya rufe fuska, ba ya ce wa kowa uffan har a cire shi. Daga nan sai a fara nemansa ranar wanki a rasa, idan aka kira iyalinsa kuma su ce kuɗin yana hannu, shi ne dai ya ce ba za shi ba.

Idan muka ce a ga likitan ƙwaƙwalwa, amsar da muka saba ji ita ce, "Wato Dawanau za ku kai ni?" Ko sun yarda ma likitocin ba su da yawa, kuma mutumin da asibiti ya riga ya cinye masa kwana biyu ko uku a mako ba zai so a ƙara masa wani layin ba. Shi ya sa nake tunanin hanyar taimakon kai da kai, inda ake shirya wa mai ciwon damuwa darussa ya bi su da kansa, wani yana bibiyarsa jefi-jefi. Ina so a naɗi darussan da murya cikin Hausa, majinyaci ya saurara yana kan gado ana wankin. Shin wannan magani ne na gaske ko kuwa rarrashi ne kawai, kuma zai karɓi mutanenmu?

Alhaji Garba, Fagge

Wa alaikumus salam. 'Yata Sista, Allah ya saka muku da alheri, domin mu da muke kan gadon mun san irin ɗawainiyar da kuke yi da mu. Amma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Damuwar mai wankin ƙoda a garin nan ta kuɗi ce. Likita ya ce a yi sau 3 a mako, to ki duba layin da kanki, mutum nawa ne suke iya yin haka? Yawancinmu sau 1 ne ko 2, wani ma sai ƙafa ta kumbura numfashi ya fara gagara sannan dangi su yi karo-karo a rugo da shi. Bayan kuɗin wankin akwai allurar ƙara jini, akwai gwaje-gwaje, akwai maganin hawan jini, akwai kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, tun da ba ka iya tuƙi bayan an cire ka. Ni da nake da shago a Kwari na sayar da fili, na sayar da mota, yanzu ido ya koma kan gidan da 'ya'yana suke ciki. Wanda yake cikin wannan hali idan ya kasa barci, lissafi ne ya hana shi. A biya mini kuɗin wanki na shekara guda a ga ko zan ƙara rufe fuska da mayafi.

Dakta Nura

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. A matsayina na likitan ƙoda zan fara da ƙara wa maganarka ƙarfi kafin in nuna inda na saɓa maka. Wanda ba ya samun isasshen wanki, dattin da ya kamata ƙoda ta fitar yana taruwa a jininsa, sai ya kawo kasala, tashin zuciya, ƙin abinci, ƙaiƙayi da rashin barci. Ƙoda ce kuma take samar da sinadarin da yake sa ɓargo ya haɗa jini, don haka idan ta lalace jini yakan yi ƙasa, mutum ya riƙa haki ko daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Duk waɗannan alamomi suna kama da na ciwon damuwa. Saboda haka ba daidai ba ne a miƙa wa mutum darussa alhali ba a duba yawan jininsa da isar wankinsa ba.

Inda na saɓa kuwa shi ne cewa kuɗi kaɗai ne. A shekarar 2013 wasu masu bincike sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka samu cewa idan ƙwararre ya zauna ya yi hira da masu wankin ƙoda, kusan kashi 23 cikin 100 ne suke da ciwon damuwa, idan kuma takardar tambayoyi aka ba su suka cike, adadin yakan kai kusan kashi 39. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu tana da nasaba da kamancin alamomin da na ambata. Da yawa daga cikin nazarce-nazarcen nan an yi su ne a ƙasashen da majinyaci ba ya sayar da filinsa. A Amurka tun dokar 1972 gwamnati take ɗaukar mafi yawan kuɗin wankin, a Ingila kuma kyauta ne, amma ciwon damuwa bai bar su ba. Dalili shi ne cutar tana ƙwace abubuwan da kuɗi ba ya mayarwa: sana'a, tafiye-tafiye, shan ruwa yadda kake so, cin abin da kowa yake ci a gida, ga kuma rauni a zamantakewar aure, wanda ya yawaita a tsakanin maza masu wanki amma kunya take hana su faɗa.

Abin da nake nema in bambanta gajiyar jiki da ciwon damuwa shi ne wannan: mako biyu ko fiye mutum yana cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake faranta masa rai a da ya daina, yana ganin kansa ba shi da amfani, kuma ba ya hango wani alheri a gaba. Mai ƙarancin jini yana son zuwa ɗaurin aure amma jiki ya hana shi. Mai ciwon damuwa ko an kawo mota ƙofar gida ba ya son zuwa.

Abba, Kurna

Ina gaida iyayena da ke nan. Ni dai a ɗan fahimtata, musulmin da ya yi imani da ƙaddara mai kyau da marar kyau bai kamata damuwa ta kai shi ga haka ba. Ina ganin abin da ya fi shi ne a ƙarfafa musu karatun Alƙur'ani da haƙuri, maimakon a ɗauko wata hanya ta Turawa da ba mu san asalinta ba.

Malam Lawan

Ɗana Abba, niyyarka kyakkyawa ce, amma wannan magana idan ta faɗa kunnen marar lafiya tana ƙara masa ciwo a kan ciwo, domin zai ɗauka bayan ƙodarsa imaninsa ma ya lalace. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne ya ce haƙuri mai kyau, kuma a ayar da ke biye, ta 84 a Suratu Yusuf, aka ba mu labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. A cikin addu'ar da Bukhari ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gazawa da kasala, har da nauyin bashi, wanda shi ne kukan Alhaji Garba.

Batun cewa hanyar ta Turawa ce ma akwai gyara. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta littafi a kan kula da lafiyar jiki da ta rai. Ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san sababinsa kamar rashi ko asara, da wanda yake faɗo wa mutum ba tare da sanannen sababi ba, wanda ya ce yana da alaƙa da jiki. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar buƙata.

Wani abu da nake yawan gani idan na je dubiya shi ne laifin da suke ɗora wa kansu a kan ibada. Wani yana kuka don ya sha azumi, wani don ya koma salla a zaune. A gaya musu cewa marar lafiyar da ba a sa ran warkewarsa ciyarwa ce a kansa, kuma hadisin Imrana ɗan Husaini ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Idan za a naɗi darussan nan, wannan ya shiga ciki.

Malama Zainab

Allah ya gafarta Malam, ya ƙara ilimi. Fannina shi ne halayyar ɗan Adam, kuma zan amsa tambayar Sista kai tsaye: magani ne na gaske, amma ga wanda ciwonsa bai yi tsanani ba, kuma da sharaɗin akwai mai bibiya. An sha gwadawa an ga cewa wanda aka miƙa wa littafi ko manhaja aka ƙyale shi yakan watsar kafin ya yi nisa, wanda kuwa ake kiransa na 'yan mintuna kowane mako a tambaye shi me ya gwada, me ya gagara, yakan fi kammalawa kuma ya fi samun sauƙi.

Tushen hanyar shi ne aikin da wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, ya fara a shekarun 1960, na gyara tunani da ɗabi'a. Ga yadda ciwon yake kama mutum: jiki ya gaji sai ya daina fita, da ya daina fita sai abubuwan da suke faranta masa rai su yanke, da sun yanke sai tunani ya samu fili, tunanin kuma ya ƙara kwantar da shi. Mu mun saba cewa a bari ya ji daɗi tukuna sannan ya fita. Hanyar nan ta ce a juya abin: ya fara motsawa ko ba ya so, sha'awar daga baya take biyowa. Wannan shi ne ɓangaren da na fi amincewa da shi ga mutanenmu, domin ba ya buƙatar karatu ko rubutu.

A wurin mai wanki dole a tsara shi bisa makon jikinsa. Ranar wanki ba a sa masa komai, domin da yawa sukan fito a galabaice su kwana a haka. Washegari ita ce ranar da jiki ya fi sauƙi, a nan ake sa abu ɗaya ƙarami, takamaimai, mai lokaci. Ba a cewa "zan riƙa fita", sai dai "gobe bayan La'asar zan zauna a ƙofar gida na minti 15". Ana zaɓar abin daga cikin abin da mutum yake daraja shi, ba abin da mu muke ganin ya dace ba: sauraron haddar jikoki, leƙa shago, ba tantabaru hatsi, tsinke zogale, kiran ƙawa. Kafin ya yi ya ƙiyasta daɗin da zai ji, bayan ya yi ya sake aunawa, domin ciwon damuwa yakan sa mutum ya raina daɗin tun kafin ya ɗanɗana.

Game da hujja a kan masu ƙoda, mafi ƙarfinta ta zo ne daga inda ƙwararre ya zauna da majinyaci a gefen na'ura. A 2014 an buga wani gwaji da aka yi a Burukilin ta birnin New York, inda waɗanda aka yi wa haka damuwarsu ta ragu, har ruwan da suke tarawa tsakanin wanki da wanki ya ragu. Gwaje-gwajen taimakon kai zalla a tsakanin masu wanki ƙanana ne. Amma abin da Sista take tunani yana da magabata a wasu fagagen. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani shiri mai suna Self-Help Plus na rage ƙuncin rai, zama 5 ne da naɗaɗɗiyar murya da littafi mai zane-zane, wanda ba ƙwararre ba yake jagoranta, kuma an gwada shi da mata 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu a arewacin Uganda. A Zimbabuwe ma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibitoci suna koya wa mutane warware matsala, kuma sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna an samu sauƙi sosai.

Maman Walida, Ɗorayi

Ina gaida kowa da kowa. Malama Zainab, abin da kika faɗa na gan shi a gidana ba tare da na san yana da suna ba. Maigidana tela ne, kuma tun da aka fara masa wanki ya rufe keken ɗinkinsa da zani ya daina zuwa shago. Abin da ya fi karya masa zuciya shi ne ruwa. An ce kada ya wuce rabin lita a kan yawan fitsarin da ya yi, wato kusan ledar ruwa guda, a zafin Afrilu na Kano da ko mai lafiya yake neman inda zai sa kansa. Yana kishingiɗe a tsakar gida yara suna shan zoɓo mai sanyi, sai ya juya musu baya. Na koma zuba ruwan nasa na yini a ƙananan murafai ina daskarar da shi idan an kawo wuta, yana tsotsar ƙanƙarar ɗaya bayan ɗaya, na kuma hana a sha wani abu a gabansa.

Daga baya na roƙi yaron shagonsa ya riƙa kawo yadi gida washegarin wanki da hantsi, yanka kawai, ban da ɗinki. Da farko ko kallo bai yi ba. Ban yi masa magiya ba, na bar yadin da takardar awo da alli a kan tabarma na shiga madafa. Da yaron ya durƙusa zai yanka da kansa, sai na ji muryarsa daga ɗaki yana cewa, "Kai, a nan za ka sa almakashi? Ka ɓata wa mutane shadda." Ya fito ya karɓa. Da yake a hannun hagu aka haɗa masa jijiyar, dama tana aiki lafiya. Yanzu yana yanka riga biyu ko uku, wani makon kuma ya ce a mayar, ba zai iya ba. Majalisa ce har yau ya ƙi komawa, ya ce ya gaji da "sannu" da kallon tausayi, ga shayi ana zagayawa da shi shi kuma yana zaune.

Ina kuma roƙon a tuna da mu masu jinya. Ni ma akwai daren da nake kwana ido biyu.

Alhaji Garba, Fagge

Maman Walida, Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya biya ki. Malama, na ji batun motsawa kuma ban musa ba. Inda nake da ja shi ne gyaran tunani. Idan na ce na zame wa iyalina nauyi, me za a gyara a ciki? Babban ɗana ya ɗage aurensa saboda ni. Ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya ya fara ƙin ɗaga wayata, kuma ban ga laifinsa ba. Wani lokaci da dare nakan ce da na tafi da sun huta. Wannan gaskiya ce tsirara, ba na so a yi mini ado a kanta.

Malama Zainab

Baba Alhaji, na gode da ka faɗi wannan a fili, domin da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Ba za a ce maka ƙarya kake yi ba. Amma maganganu biyu ka haɗa. Cewa wankinka yana cin dukiyar gida gaskiya ce da za a iya lissafawa. Cewa da ka tafi sun huta kuwa hukunci ne ka yanke a madadinsu, ba ka kuma tambaye su ba. Ɗan da ya ɗage aurensa yana iya zama ya yi haka ne don yana so ka zauna a wurin ɗaurin auren. Aikin da darasin yake ba mutum shi ne ya raba abin da ya tabbata da abin da dare ya ƙara masa, sannan ya tambayi kansa, da amininsa ne yake kan wannan gado, haka zai ce masa?

Ɓangaren da ya tabbata kuwa ba a magance shi da tunani, sai da tsari, kuma wannan ma yana cikin darussan. "Ba ni da kuɗi" ta fi ƙarfin kowa, amma "kuɗin wankin makonni huɗu masu zuwa" abu ne da za a iya zama a kansa. A tara duk hanyoyin da suka zo a rai ba tare da an raina ko ɗaya ba: raba makonni tsakanin dangi maimakon a riƙa kiran mutum ɗaya, naɗa wani ɗa ya zama shi ne mai magana da su don a ɗauke maka nauyin roƙo, zuwa ofishin walwalar marasa lafiya na asibiti, rubuta wa Hukumar Zakka da Hubusi, magana da shugabannin layinku a kasuwa. A zaɓi guda, a sa rana da wanda zai yi, bayan mako a duba. Lissafin kuma a ba shi lokacinsa da rana, da takarda da biro, domin wanda ake yi ƙarfe biyun dare bai taɓa biyan kuɗin wanki ba.

Sai dai, Baba, kalmar nan ta "da na tafi" ba ta taimakon kai ba ce. Ina roƙonka ka gaya wa likitanka ita a zuwanka na gaba, yadda ka rubuta ta a nan, ka kuma gaya wa wanda ka fi yarda da shi a gida tun yau.

Dakta Nura

Na goyi bayan Malama ɗari bisa ɗari, kuma Alhaji, zan neme ka ta waya in ka yarda. Ga kowa da kowa, akwai iyakar da idan an kai ta an wuce batun darussa: mutum ya fara maganar mutuwa ko shirya mata, ya ƙi wanki da gangan alhali akwai kuɗi, ya daina cin abinci, ya sha ruwa ko ya ci abin da aka hana shi don ya cutar da kansa, ko ya fara rikicewa yana ganin abin da babu. Na ƙarshen nan ma yana iya zama dattin jini ne ya hau kansa, wanda gaggawa ce ta asibiti. Mai wanki hanyar cutar da kai a kusa take da shi, domin ƙin zuwa kaɗai ya isa, shi ya sa ba ma ɗaukar "na gaji, a ƙyale ni" da wasa.

Malam Lawan

Ƙari kaɗan a kan wannan. Hadisin da ya hana burin mutuwa saboda cuta ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, amma ba a jefa shi ga wanda ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa, domin gobe ba zai sake faɗa ba. A saurare shi, a zauna da shi, a raka shi wurin likita.

Kabiru, mai harhaɗa magunguna

Ina so in ja kunne a kan wani nau'in taimakon kai da ya fi yawa a garin nan, wato shiga kemis a ce a ba da maganin barci. Akan miƙa diazepam ko amitriptyline. Na farkon yana kama jiki yana kuma jawo faɗuwa, na biyun yana busar da baki, wato ya ƙara ƙishirwa ga wanda aka taƙaita wa ruwa, yana kuma iya taɓa bugun zuciya. Haka jiƙe-jiƙe da sassaƙe-sassaƙen da ake kawowa daga dubiya, ba a san yawan sinadarin fotasiyam da ke cikinsu ba, shi kuwa idan ya hau a jinin mai wanki yana iya tsayar da zuciya.

Wannan ba yana nufin babu ƙwayar da take aiki ba. A wani gwaji na Amurka da aka buga a 2019, an raba masu wanki 120 gida biyu na mako 12, wasu aka yi musu gyaran tunani da ɗabi'a a gefen na'ura, wasu aka ba su sertraline, wata ƙwayar maganin ciwon damuwa. Duka sun samu sauƙi, masu ƙwayar sun ɗan fi, amma sun fi fama da illolinta. A wani gwajin na 2017 kuma, a kan masu ciwon ƙoda da ba su kai ga wanki ba, ƙwayar ba ta fi ta bogi ba. Likita ne zai auna wanda ya dace da ita, kuma takan ɗauki makonni kafin a ga aikinta.

Sista Hauwa

Na gode ƙwarai, na ƙaru. Abin da na tsara yanzu shi ne darussa gajeru, kowanne kada ya wuce minti 10, Malama ta rubuta, Dakta da Malam su duba, sannan a nemi izinin shugabannin sashe. Za a saurara a awa ta farko ko ta biyu, domin zuwa ƙarshe ne hawan jini yake yawan sauka, tsoka ta riƙa ɗaurewa, ba mai iya bin magana. Waɗanda ba su da babbar waya za a sa musu a katin waya. Na kuma karɓi maganar Maman Walida, za a yi guda na masu jinya da suke zaune a benci a waje.

Alhaji Garba, Fagge

Dakta, na yarda, ka kira bayan Magariba. Sista, idan za ku yi, kada ku sa muryar yaro mai karanta takarda. Ku sa wanda ya taɓa kwanciya a gadon nan ya yi magana, mata kuma a sa musu mace.

Dakta Nura

Shawarar Alhaji ta yi. Sharaɗina guda ne kafin in sa hannu: kada a ba kowa darasi sai an tantance shi. Akwai takardar tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimilla 27, kuma daga maki 10 ake fara zargin ciwon. Tambaya ta 9 a kan tunanin mutuwa take, kuma duk wanda ya amsa ta da e, ko nawa ne jimillar makinsa, likita zai gani a ranar. A maimaita ta bayan 'yan makonni, wanda makinsa bai sauka ba a tura shi gaba, kada a ci gaba da kunna masa murya. Matsalar ita ce gadajen a jere suke, kowa yana jin kowa, kuma babu dattijon da zai amsa tambaya ta 9 da gaskiya maƙwabcinsa yana saurare. Sista, a ina za ki yi ta?

Sista Hauwa

A wurin awon nauyi, Dakta, kafin a shiga ɗakin na'ura. Mutum ɗaya-ɗaya ake shiga, kuma akwai labule. Zan roƙi mai rakiya ya jira a waje na ɗan lokaci, domin da yawa ba za su faɗa a gaban 'ya'yansu ba. Sai dai ranakun da layi ya yi tsawo ba zan iya haɗa awo da tambayoyi ni kaɗai ba, dole a ba ni mutum na biyu, kuma wannan zan kai wa shugabar sashe ranar Litinin.